Daga Singa Zuwa Ƙofar Mai Kaya: Yadda Nake Juya Motocin Dako da Wayar Hannu

Kurkura uku gare ni da a-kori-kura ɗaya, ita ma tsohuwa ce, sai an lallaɓa ta da safe kafin ta tashi. Aikina kwasar kayan masarufi daga kasuwar Singa da ke Kano, taliya, sukari, madara, sabulu, man girki, in kai wa masu shaguna a unguwanni, wani lokaci kuma in kai tasha a ɗora wa motocin ƙauye. Kafin in mallaki ko taya ɗaya sai da na shekara bakwai ina yaron shago a bakin titin Bello. Na san nauyin buhun sukari a ka, na kuma san yadda fuskar Alhaji ke komawa idan mai kaya ya bugo ya ce har la'asar bai ga kayansa ba.

Ƙanena da ya karanta kwamfuta a Jami'ar Bayero shi ya fara cika mini kunne da labarin biranen da aka sa wa ido da kunne: danja mai ƙirga motoci ta san hannun da za ta saki, kyamara mai karanta lambar mota, wurin fakin da zai gaya maka ko da gurbi tun kana gida. Ya ce a Singafo tun 1998 na'ura ce ke cirar kuɗin shiga titi mai cunkoso ba tare da mota ta tsaya ba, a Landan kuma tun 2003 mai shiga tsakiyar gari da mota a lokutan aiki sai ya biya. Na ce to madalla, mu nan Fagge sai yaushe? Sai ya ɗauki wayata daga kan benci ya ɗaga ta, ya ce, "Yaya, ai rabin abin yana aljihunka, kai dai ƙwallo kawai kake kallo da shi." Na ji haushi a ranar. Yau kuwa da wayar nan nake juya motocin duka huɗu, kuma abin da zan faɗa na irina ne, mai mota ɗaya zuwa biyar, ba na masu tirela ɗari ba.

Fara da agogo

Kada ka sayi komai tukuna. Nemi ƙaramin littafi irin na 'yan firamare ka ba kowane direba, ko yaron motarsa, ya riƙa rubuta lokaci huɗu a kowane sawu: sanda ya iso bakin sito, sanda aka gama lodi ya tayar, sanda ya isa wurin mai kaya, da sanda aka sauke katan na ƙarshe. In rubutu na ba shi wuya, ya turo saƙon murya a WhatsApp, "na iso", "na tashi", wayar da kanta take buga lokaci a ƙasan saƙon. Mako guda ya isa.

Da na haɗa lissafin makon farko jikina ya yi sanyi. Duk a zatona nisa ne ke cinye mana rana, shi ya sa nake tsuga wa mutanen Mariri da Rijiyar Zaki kuɗi. Ashe kurkurar da ta yi awa tara a waje, tayarta ba ta yi juyin awa uku ba. Sauran a tsaye ta yi shi: jiran a buɗe sito, jiran tirela ta gama saukewa ta ba da hanya, jiran 'yan dako su gama da wani, jiran mai shago ya dawo daga masallaci, uwa-uba yawon neman gida. Tun da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayun 2023 hankalin kowa na kan lita, kuma da gaskiyarsa. Amma ni tsayuwa na tarar tana cin ribata fiye da tanki, domin motar da za ta yi sawu biyar ta ƙare da uku, direba da balas da gyara kuwa ba su ragu ba. Duk abin da zai biyo baya maganin tsayuwa ne.

Lokeshan, da yadda ake karɓarsa

Kano garin kwatance ne. "Ka san masallacin Juma'a? To wuce shi, layi na uku hannun hagu, daidai mai shayi." Mai shayin nan da rana ba ya nan, ya kwashe teburinsa. Layukan da ake kira Layin Masallaci ko Layin Mai Unguwa a garin nan kuwa Allah kaɗai ya san adadinsu.

Sabon mai kaya ba na ɗora masa ko katan ɗaya sai ya turo lokeshan. Amma turowar ma iyawa ce, kuma ni nake koya masa a waya. Ya fito waje, ya tsaya daidai inda mota za ta tsaya a sauke, ba cikin ɗaki ba, ba can ƙuryar shago ƙarƙashin kwano ba. Dalili kuwa, waya tana gane inda take ne ta sauraren taurarin ɗan'adam da ke shawagi wajen kilomita 20,000 a sama, kuma sai ta ji aƙalla huɗu take tsayar da wuri sosai. Rufin kwano da dogon bene suna toshe mata kunne, sai ta koma kintace da ƙarfen sabis mafi kusa, ta jefa ka layi uku baya. Ya dubi shuɗin ɗigon nan, akwai da'ira mai haske kewaye da shi, ya jira ta tsuke. WhatsApp yana ma rubuta kuskuren mita nawa ne. In ya ga 10 ko 15 ya tura. In ya ga 500 ya ƙara haƙuri.

Sannan lokeshan iri biyu ne, a nan mutane ke rikicewa. Akwai na inda kake a yanzu, ɗigo ne da zai zauna a wurin ko bayan shekara. Akwai kuma mai bin mutum duk inda ya sa ƙafa, na minti 15, ko awa 1, ko awa 8, sannan ya mutu. Na farkon shi ne na mai kaya, na biyun na direba ne. Wani mai shago a Ɗorayi ya taɓa turo mana mai bin mutum, ya rufe shago ya hau adaidaita ya tafi dubiya. Direbana ya bi ɗigo da katan arba'in na taliya har bakin ƙofar asibiti, yana bugo mini yana cewa shi fa bai ga shago ba, sai masu sayar da ayaba da lemo.

Bayan ɗigo ina neman abu biyu: hoton ƙofar shagon ko gidan daga bakin layi, da saƙon murya mai amsa tambaya ɗaya, mota tana shiga? Akwai kwalbatin da ta karye, akwai kwatar da ta cinye rabin layi, an kafa rumfar biki, an jibge yashi? Duk wannan nakan adana shi sau ɗaya tak. A wayata sunan mutum yana tafe da unguwarsa da sana'arsa, a Google Maps kuma na maƙala wa ɗigon suna. Manhajar tana ba kowane ɗan fili a duniya wata gajeriyar lamba ta haruffa da alƙaluma mai alamar tarawa a tsakiya. Ita nake rubutawa a bayan rasit, ko wayar direba ta faɗa kwata ya ari ta wani ya buga lambar, zai ga wurin.

Tambayar nan ta ko mota tana shiga da tsada na koye ta. Wata Hajiya mai sarin kayan masarufi a gida, can cikin gari wajen Yakasai, ta turo lokeshan daidai, ba kuskuren komai. Na dubi taswira na ga layi a zane har ƙofar gidanta, na tura a-kori-kura. Direba ya karya kwana ya shiga. Lungu ya fara da faɗin mota da rabi, ya koma faɗin mota, ya koma abin da sai an naɗe madubi. Gaba dakalin wani gida ya tare, baya kuma masu babur da mai kurar ruwa sun riga sun cika. Awa ɗaya da rabi ana ribas taku-taku, samarin unguwa na ba da hannu kowa da nasa umarnin, madubi ɗaya ya tafi, ƙarshe dai masu baro muka ɗauka suka yi jigila daga bakin titi. Da na bugo ba ta haƙuri sai ta yi dariya ta ce, "Malam, ai da ka tambaye ni. Mu nan ko amarya aka kawo a bakin titi ake sauke ta." Laifina ne, taswira ta nuna hanya ce, ba ta ce ta auna faɗinta ba.

Tun daga ranar, duk mai kayan da ke cikin ganuwa, Koki, Mandawari, Jakara, kewayen kasuwar Kurmi, ɗigo biyu nake ajiye masa: inda mota za ta tsaya, da ƙofar gida. Tsakaninsu aikin baro ne, kuma ina da lambar mai baro a kowane mashigi, direba na bugo masa tun yana Ƙofar Mata. Ƙanena ya ce a manyan biranen Turai ma haka ake yi yanzu, babbar mota ta sauke a wani ɗan sito a gefen unguwa, kekuna masu akwati su ƙarasa da kayan cikin matsattsun layuka. Na ce ashe Turawa sun gano baro.

Abu ɗaya kada ka yi wasa da shi: lokeshan gidan mutane amana ne. Ba a jefa shi a guruf. Direban da zai je shi kaɗai za ka tura wa, in gidan matan aure ne kuma ya yi sallama daga waje a turo yaro.

Launin titi da abin da taswira ba ta sani ba

Kore, ruwan goro, ja. Launukan nan ba kyamara ce ke ba da su ba, wayoyin mutanen da ke kan titin ne. In wayoyi da yawa suna jan ciki a wuri ɗaya, sai layin ya yi ja. Shi ya sa a manyan tituna irin na Zariya, Katsina, Murtala Muhammad da titin Gidan Zu abin yana faɗar gaskiya, a lungu kuwa shiru. Duba kafin mota ta tayar, ba bayan ta shiga gosulo ba. Kuma lokacin da take bayarwa na ƙaramar mota ne marar kaya. In ta ce minti 20, ni 35 nake rubuta wa kurkura mai lodi. Ka kuma kula da gadojin sama. Doguwar gadar nan ta titin Murtala Muhammad tana da daɗin bi, taswira na son ɗora mutum a kai, amma in mai kayanka yana ƙasa wajen 'Yan Kura, ta samansa za ka wuce kana hango shi, ka sauka can gaba ka dawo cikin cunkoson da ka guje wa.

Akwai kuma kalandar da ke kan kowane Bakano wadda sai abu ya faru waya ke gani. Ranar Juma'a daga sha biyu da rabi titunan da ke gaban manyan masallatai sun zama sahu. Asabar ɗin ƙarshen wata akwai tsaftar muhalli, ba fita sai goma. Ranakun hawan Sallah ka manta da cikin gari. Da azumi, daga la'asar sakaliya kowa gudu yake ya sha ruwa a gida, direbanka ma haka. Da damina in hadari ya haɗo daga gabas, tamfal ya hau kan kaya tun kafin a tayar, wanda ya ga yadda ruwa ya shiga Kantin Kwari a daminar 2022 ba sai an yi masa bayani ba. Waɗannan a bangon shago na rubuta su, kuma tun ana gobe nake gaya wa mai kaya.

Wajen rabon aiki, ɗauki Kano kamar tafin hannu, kasuwanni a tsakiya, tituna su ne yatsu. Titin Katsina: Kurna, Rijiyar Lemo, Bachirawa, har Dawanau. Titin Zariya: Gyaɗi-Gyaɗi, Unguwa Uku, Na'ibawa. Titin Maiduguri: Hotoro da Mariri. Titin Haɗeja: 'Yan Kaba zuwa gaba. Titin Gwarzo: Kabuga, Rijiyar Zaki. Sai ɓangaren Sharaɗa da Panshekara. Mota ɗaya yatsa ɗaya. Da can wanda ya fara biya shi ake fara kai wa, sai ka ga kurkura ta je Kurna, ta tsallaka Hotoro, ta dawo Bachirawa, ta ratsa tsakiyar gari sau uku a banza. In dole ta tsallaka daga titin Zariya zuwa na Maiduguri ko na Haɗeja, ta bi bayan gari ta baifas ɗin gabas, ya fi tsawo a ido amma taya na juyawa. Manhajar taswira tana barin ka jera zango kusan goma a tafiya ɗaya, sai dai kai za ka tsara wanne ke gaba. Yadda ka jera su a waya haka za a yi lodi, a juye: kayan zangon ƙarshe su fara shiga can ciki, na zangon farko su zauna a baki. In ba haka ba, a Kurna za a sauke rabin mota a ƙasa ana neman katan biyu.

Jiran bakin sito kuwa daga Legas na aro dabararsa. A Fabrairun 2021 hukumar tashoshin jiragen ruwa ta ƙasa ta fito da manhajar Eto a Apapa, tirela ta zauna a garejin da aka amince da shi sai an kira ta sannan ta doshi tasha. Nawa tsarin bai kai ya kawo ba, amma tunanin ɗaya ne. Mota ba ta shiga Singa sai kaya sun fito. Tun dare nake tura wa yaron sito jerin kayan, da safe ya fito da su ya ƙirga ya tara a baki, ya turo hoto ya ce sun fito, sannan direban da ke fake a waje ya shigo. Minti goma sha biyar ya ɗauka ya bar wa wani wurin. Su ma masu sito sun fi son haka, ba wanda ke son kurkura ta toshe masa ƙofa tun hantsi.

Kada ta dawo wayam

Motar da ta kai madara Bachirawa ta juyo ba komai, man dawowar daga aljihunka ya fita. Dawanau na nan gaba kaɗan, kuma kullum akwai mai awo ko mai tuwo-tuwo a cikin gari da ke neman wanda zai kawo masa buhu biyar na masara ko wake. Wadda ta je Na'ibawa ga 'Yan Lemo, wadda ta bi titin Haɗeja ga kayan gwari a 'Yan Kaba. Mu kusan ashirin masu ƙananan motoci muka buɗe guruf don wannan kaɗai, kuma saƙo salo ɗaya ne: daga ina, zuwa ina, wane kaya, nawa, ƙarfe nawa. Ba siyasa, ba ƙwallo, ba sanarwar ɗaurin aure, wanda ya saɓa a cire shi na mako guda. Da wannan dokar guruf ɗin ya rayu, biyu da muka buɗe kafinsa gardamar zaɓe ce ta kashe su.

Kuɗin dawowa ka sassauta, ai da ma hanyarka ce. Amma ka san mai kayan ko wanda ya tsaya masa, kuma a nuna rasit, kada garin neman na mai a ɗora maka kayan sata. Kada a haɗa sabulu da fulawa ko garin tuwo, ƙamshin na shiga buhu. Motar da ta ɗauko tumatir a wanke ta kafin katan ya hau.

Ina kuma ba da shawara mutum ya fara tara lambobi da ɗigo a gefen gari. An buɗe tashar tsandauri ta Dala a Zawaciki a Janairun 2023, masu sarin magani an mayar da su Dangwauro kan titin Zariya. A ganina nan gaba babban kaya a baki zai riƙa tsayawa, ƙananan motoci irin namu su shigo da shi.

Tiraka

Sai yanzu za ka kashe kuɗi, in ma ka ga da buƙata. Lokeshan mai bin mutum na awa 8 yana isar mai mota ɗaya ko biyu, matuƙar wayar direba na da caji. Tiraka kuwa wani ɗan akwati ne bai fi sabulun wanka ba, da layin waya a cikinsa, mai wayarin ya ɓoye shi ya jona da batirin mota. Yana nuna inda take, gudun da take yi, da inda ta tsaya da tsawon tsayuwar. Kana iya zana da'ira a taswira, in ta fita daga ciki wayarka ta yi ƙara, ko ka sa ya tashe ka in an motsa ta da dare a inda take kwana. Wasu ana haɗa su da abin kashe inji daga nesa. Wannan kada ka taɓa danna shi mota tana gudu, ko da ɓarawo ne a ciki, akwai bayin Allah a bayanta. Jira ta tsaya.

Layin da ke ciki ya zama naka, da lambarka ta NIN aka yi rajistarsa, ba na wanda ya saka maka ba. Lambar sirrin da na'urar ta zo da ita ka canza ta a ranar, da yawansu da 123456 suke fitowa daga kamfani, duk wanda ya san lambar layin zai iya ba ta umarni. Ka gaya wa direba ka saka, ka ma nuna masa a waya, domin ranar da aka tare shi a hanya shi za ta fara ceta. Sannan ka rubuta ranar da data za ta ƙare.

Wannan na ƙarshen ne ya kusa raba ni da direban da na fi ji da shi, dattijo ne, ya girmi babban yayana, Baba nake ce masa. Wata Laraba na duba na ga kurkurarsa a Ƙofar Ruwa. Bayan awa ɗaya tana nan. Bayan awa biyu tana nan. Na bugo a fusace na ce, "Baba, me kake yi a Ƙofar Ruwa tun ɗazu da kayan mutane?" Ya ce wace Ƙofar Ruwa, shi yana Bachirawa har ya sauke yana shan ruwa. Na ce ga shi ina ganinsa da idona. Bai ƙara cewa komai ba. Da yamma ya zo ya ajiye makulli a kan benci, ya ce, "Maigida, na girmi in yi ƙarya a kan katan ɗin madara." Ya juya ya tafi. Sai da daddare ƙanena ya nuna mini wani ɗan ƙaramin rubutu a ƙasan ɗigon: rahoton ƙarshe, 11:06 na safe. Data ce ta ƙare daidai yana wuce Ƙofar Ruwa, ɗigon ya daskare a nan. Sai da na ɗauki limamin layinmu muka je har gida kafin ya karɓi makullin. Kafin ka ɗaga murya a kan kowa, dubi lokacin da ɗigon ya yi motsi na ƙarshe, ka kuma bugi mai kaya ka ji ko sun iso.

Shaidar isa da kuɗi

Hoto biyu kowane sawu: ɗaya an gama lodi, ɗaya an sauke a gaban shago ana ganin ƙofar. A ƙirga a gaban mai karɓa, ba bayan mota ta tafi a bugo a ce katan ɗaya babu ba. In kayan masu tsada ne, ko mai su ba ya nan wani zai karɓa, nakan tura wa mai kayan wata lamba mai alƙaluma huɗu da na ƙirƙira a take. Direba ba ya saukewa sai mai karɓa ya faɗe ta, ni kuma na ce haka ne. Hakan ya toshe masu tare mota a bakin layi su ce "ni ne ƙanensa, sauke a nan."

Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 kusan kowa ya koma tiransifa, hakan ya rage wa direba yawo da kuɗi a aljihu, amma ya kawo alat na bogi. Hoton rasit ba kuɗi ba ne, saƙon tes ma ba kuɗi ba ne. Buɗe manhajar bankinka ka ga sun zauna. Direbobina sun san ba a tayarwa sai na ce ya shigo. In sabis ya ƙi, akwai mai POS a kowace kwana, a cira a ba direba. Kayan da za su tasha, Unguwa Uku ko Malam Kato ko wata, a rubuta suna da gari da lambar mai karɓa da alƙalamin maka a jikin kowane katan, a ɗauki hoton lambar motar da aka ɗora wa, a karɓi lambar direbanta, a tura wa mai kaya duka kafin a bar wurin.

Bayan isha nake zama da jerin gobe. In raba shi titi-titi, in tura wa kowane direba nasa ɗigon a jere, in tura wa yaron sito nasa, in duba data da cajin kowa. Wanda unguwarsu ba wuta ya bar wayar wurin mai caji ya karɓa da asuba, kowace mota kuma da igiyar caji a jone da batir. Sannan in kwafe jerin da biro a takarda huɗu, suna da unguwa da lambar waya da adadin katan, kowa ya soke tasa a aljihun gaba, domin ranar da sabis ya ɗauke gaba ɗaya mun taɓa ganinta. Na gobe na riga na raba: Baba titin Katsina, zai juyo da wake buhu shida daga Dawanau, yaran biyu ɗaya Hotoro ɗaya Sharaɗa. A-kori-kura tana wurin makanike, kulocinta ne, ya ce zuwa azahar, na rubuta la'asar.